Igiyata Yadi Arba'in Ce

Asabar, 11 ga Maris, 2006

An gama gasar guje-guje ta makarantun sakandaren shiyyarmu a filina. Na ce filina, ko da yake takarda ta ce na makaranta ne. Shekara talatin da ɗaya ni ke share shi, ni ke auna shi, ni ke ja masa layi da baƙin mai.

Makarantu tara suka zo. Sharafaddeen na Kwararafa ya ci mita ɗari, daga nan ya je tsalle ya yage wando a gaban alƙalai. Wata doguwa daga Vom ta jefa mashi kamar ta ga kura a garkensu. Amma abin da ya tashi filin shi ne mita ɗari huɗu na mata. Somkene, 'yar Livinus mai gareji a Laranto, wanda ke ba ni baƙin mai kowace shekara, ta zagaye fili a sakan hamsin da bakwai da ɗigo tara, kuma ba takalmi a ƙafarta. Salma ta makarantarmu ta zo ta biyu, can baya. Agogo uku aka riƙe, duka bakinsu ɗaya.

Tun 1991, da wata Ulonma ta yi hamsin da takwas da ɗigo shida, babu macen da ta taɓa wannan lamba a nan. Ƙa'ida kuwa, wadda ta yi ƙasa da hamsin da tara za ta je gwajin jiha. Livinus ya ɗaga ni sama, ni dattijo, hulata ta faɗi. Na yafe masa.

Litinin, 13 ga Maris

Yau na yi baƙo. Fabian sunansa, sabon sakataren wasanni na shiyya, yaro mai farar riga da biro uku a aljihu. Ya gaishe ni da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce lambar Somkene ta yi kyau da yawa. Ba zai aika sunanta ba sai ya auna filin da tef ɗinsa na ƙarfe. Ranar Juma'a ta sama, ashirin da huɗu ga wata, ƙarfe sha biyu na rana, ake rufe karɓar sunaye.

Na tambaye shi, to ni da me nake aunawa duk shekarun nan, da hanci?

Ya ce, "Baba Datti, igiya ai ba ma'auni ba ne."

Na zaunar da shi a kan benci na ba shi tarihi. Ina saurayi na yi wa Baturen safiyo jan sarƙa a kamfanin kuza. Da hannunsa ya gwada mini igiyar nan a jikin sarƙarsa, yadi arba'in cif, ya yi mata ƙulli a kowane kai. Da ita nake kafa turke in zagayo kwana, da ita nake jan miƙaƙƙen layi. Lokacin da aka yi mata ƙullin nan mahaifinsa ma bai fara aski ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce duk ya ji, amma zai auna.

Makullin ƙofar fili a wuyana yake. Na ce ya auna ta kan katanga.

Talata, 14 ga Maris

Ya kai ƙarata wurin Firinsifal. Ita kuwa a filin nan na koya mata tashi daga layi tana 'yar aji biyu. Ta ce mu sasanta tsakaninmu. Ban ga abin sasantawa ba.

Laraba, 15 ga Maris

Ban buɗe ba.

Alhamis, 16 ga Maris

Livinus ya zo gida da la'asar, hannu duk mai, ya ƙi zama a kan tabarma kada ya ɓata ta. Tabawa, matata, ta kawo masa kunu ya sha a tsaye.

Ya ce, "Baba, yarinya ba ya cin abinci."

Na ce ai don ita nake wannan rigimar. In na bari aka auna, na yarda ke nan ana shakkar gudunta.

Ya juya kofi a hannunsa. Can ya ce, "Ni na yarda da igiyanka, Baba. To idan igiya daidai ne, tef me zai yi masa?"

Na ba shi labarin shekarar da aka kawo bindigar tashi ta zamani, ta ƙi tashi, aka koma kan katako biyun da nake bugawa. Labari ne mai daɗi. Ya yi dariya inda ake dariya. Da zai tafi ya sake cewa yarinya ba ya cin abinci.

Juma'a, 17 ga Maris

Bayan masallaci wani, ba zan rubuta sunansa ba, ya ce wai me ya haɗa ni da 'yar mai gareji har nake faɗa da hukuma a kanta, da ma Salma ce da sauƙi. Na ce masa agogo ba ya tambayar sunan uba, kuma duk wadda ta taka layin da na ja tawa ce har ta fita daga fili. Ya ce tsufa ne. Na ce na gode, Allah Ya nuna masa.

Na dawo gida ina jin kaina kamar na ci gasa.

Asabar, 18 ga Maris

Da safe na buɗe wa yara masu motsa jiki, su ai ban hana su ba. Somkene ta zo tare da Salma. Ashe tun bara tare suke gudun safe. Ta yi zagaye biyu ta tsaya, ta zo inda nake cire ƙaya a bakin layi, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta rame a wuya.

Ta ce, "Baba, in tambaye ka, kada ka yi fushi?"

Na ce yaushe na taɓa fushi. Salma ta juya baya tana danne dariya.

"Don ni kake rufe ƙofa, ko don igiya?"

Na ce ta je ta ƙarasa zagayenta, jiki zai yi sanyi. Yaran yanzu sai tambaya.

Litinin, 20 ga Maris

Na ɗauko igiyar daga akwati in shanya ta, don kawai ta sha iska. Tabawa tana kan keken ɗinkinta a tsakar gida, ko ɗaga kai ba ta yi ba ta ce, "Malam, wannan ba ita ce ɓeraye suka ci a azumin bara ba?"

Na ce an gyara.

Ta ce, "Na san an gyara, ai da almakashina ka yanke wurin. Ka saƙa kai da kai, ka ce bayan salla za ka ƙara mata abin da ya tafi. Ka ƙara?"

Na ce ta kula da ɗinkin mutane.

Ba ta kula ba. Ta sauko da tef ɗinta daga wuya, ta sa na riƙe kai, ta bi igiyar yadi yadi kamar mai yankan atamfa, tana ƙirga da ƙarfi don maƙwabta su amfana. Talatin da tara da rabi. Na ce tef ɗin tela miƙewa yake. Ta ce in ya miƙe ma ai ni ya cuta, a kawo sandar yadi. Aka aro a shagon Amatullahi. Talatin da tara da rabi.

Saƙar tana nan a tsakiya, aikin hannuna, lafiyayye. Ko a kamfani ban taɓa saƙa mai kyau irinta ba.

Talata, 21 ga Maris

Rabin yadi. A lanƙwasa biyu na fili yana komawa sau shida da ɗoriya, a miƙaƙƙun layi sau huɗu. Na zana a ƙasa da tsinke, na share, na sake zanawa. Kusan mita biyar yarinyar nan ba ta gudu ba, kuma ba ta sani ba.

Na yi wani tunani, tunda littafin nawa ne bari in rubuta. Akwai sauran baƙin mai a jarka. Da in ja sabon layi a waje da tsohon, in ce wa Fabian bisimilla. Amma baƙin mai kashe ciyawa yake, tsohon layi zai tsaya yana kallon kowa har damina. Ba don haka na fasa ba. Ko ma don haka ne, wa ya tambaye ni.

Laraba, 22 ga Maris

Na aika a kira Fabian, na buɗe ƙofa da kaina. Kafin ya kwance tef na ce masa, "Za ka samu ɗari uku da casa'in da biyar da 'yan kai. Auna ka gani ko tef ɗinka na da gaskiya."

Yana da gaskiya. Ɗari uku da casa'in da biyar da ɗigo uku.

Ya ce to an soke sakamako ke nan. Na ce ba a soke ba. Igiya ce ta gaza, kuma tawa ce, ya rubuta sunana a duk takardar da ya ga dama. Ƙafar yarinya ba ta yi wa kowa laifi ba. Ranar Juma'a ƙarfe takwas na safe ya kawo agogonsa uku, a ja mata layin tashi baya da mita huɗu da ɗigo bakwai, ta sake. In ya ƙi, zan bi shi ofis in zauna a ƙofarsa in yi ta ba shi tarihi har ya yi ritaya. Ya dube ni, ya ga zan iya. Ya ce ƙarfe takwas.

Da yamma na je Laranto. Na faɗa musu a tsaye, a bakin gareji, ban ƙara gishiri ba. Livinus ya goge hannu ya ce ba komai Baba. Somkene kuwa ba ta ce "ba komai" ba. Ta ce, "Kwana tara, Baba. Da tun ranar ka bari, da na samu kwana tara ina shiri." Ta shige ciki.

Na kama hanyar gida, ko labari ɗaya ban ba Livinus ba.

Alhamis, 23 ga Maris

Na ja sabon layin tashi. Fabian ya riƙe kan tef, ni na karanta. Lambobin ƙanana ne ƙwarai, an yi su don masu gilashi.

Juma'a, 24 ga Maris

Fili ba kowa, sai mu da shanun wani a bayan katanga. Gudu kai kaɗai wuya gare shi, ba wanda zai ja ka. Sai ga Salma ta cire hijabin sama ta miƙa wa Livinus, ta tsaya a layi na biyu da dogon wandonta. Ta ce ita mita ɗari biyu za ta iya da ƙarfi, sauran Somkene ta san yadda za ta yi.

Ni na buga katako.

Salma ta ja ta har kwana ta biyu ta fice gefe ta zube. Somkene ta shigo miƙaƙƙen layi kai a baya, baki buɗe, ƙafa ta fara nauyi. Na ji wani tsoho yana ihu yana kiran sunanta. Fabian ya ce ni ne.

Agogo ɗaya hamsin da takwas da ɗigo takwas, ɗaya da ɗigo tara, ɗaya hamsin da tara cif. Na tsakiya ake ɗauka. Lambar Ulonma tana nan daram, ba a taɓa ta ba. Amma sunan Somkene ya tafi, Fabian ya hau acaɓa da takardar tun kafin ta miƙe daga ciyawa.

Da ta miƙe ta wuce ta gabana. Ta yi taku kamar biyar ta juyo. "Baba, wannan karon nawa na gudu?"

Na ce ɗari huɗu, ni na karanta.

Lahadi, 26 ga Maris

Tabawa ta daɗe tana kukan igiyar shanya, to na ba ta aro. Aro na ce. Ta ɗaure ta daga bishiyar gwaiba zuwa ƙofar madafa har ninki huɗu, riguna na rataye daidai kan saƙar.

Fabian ya manta tef ɗinsa a wurina, wai in ajiye masa zuwa gasar ƙananan aji. Ajiya ce kawai. Na sa shi a akwati, tunda akwai wuri.

Gobe in na je kasuwa zan duba gilashi. Ba don wani abu ba.