Sujada Gaban Dawakin Jan Ƙarfe

Mohandessin, Alƙahira
Maris, 2014

Zuwa ga aminina Badamasi,

Wa ya taɓa hawa saman benen nan tare da ni in ba kai ba? Fara amsa wannan a ranka, sannan ka karɓi gaisuwata. Ina fata kana lafiya, karatu yana tafiya, su Rashid duk ƙalau. Ni dai lafiyar jiki ce kawai.

Ka san abin da ke kafe a saman gidan tsohuwar Ba'amurkiyar da nake wa tuƙi: dawakin jan ƙarfe uku suna jan keken 'yan kwana-kwana na zamanin da, ga ɗan mutum riƙe da linzami. Kakanta ya ƙera shi, ta taho da abinta daga ƙauyensu. Inda iska ta dosa yake nunawa, khalas, aikinsa ke nan. Har littafin Turanci mai bayanin irinsu na buɗe maka, wanda na sha fama da shi ni da ƙamus, kana ta hamma. A saman nake salla don can ne karnukanta ba sa hawa, alƙibla kuma ta bi ta gefen sandarsa. Ranar da muka hau ka ce ka riga ka yi la'asar, ka koma bayana kana latsa waya.

Yau hoton sallar nan tawa yana wayar kowa a unguwar Arba wa Nus: wai Habu yana yi wa gunkin Turawa sujada. Baban Mardiya, wanda ya sa mana rana bayan Babbar Salla, ya ce a dakata. Na je, ta bayan ƙofa ya amsa sallamata.

Sai kuma na ji wai kai kake koya wa ƙannenta tajwidi yanzu. Tun yaushe? Kai da kullum kake cewa unguwarsu ta yi maka nisa?

Ban ce kai ne ba. Wataƙila an ari wayarka. Amma kada ka turo min "ma'alish" ɗin ban haƙuri a saƙo, ba a ɓoye aka zubar min da mutunci ba. Ranar Juma'a, ana sallamewa, ina tsaye a ƙofar masallacin unguwarsu. Ka zo da wayar. Ka faɗa da bakinka, gaban baban Mardiya da jama'a: ina na fuskanta ranar, kuma wa ya tura hoton?

Ka gaida Inna in ka kira gida.

Naka, mai kiranka amini har zuwa Juma'a,
Habu