Tururin Ranar Asabar

Ƙanwata Hadijatu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya mutanen Tungan Maje? Ya ƙarfin jikin Zahra da jariri? Allah ya raya mana shi. Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba.

An ce uwar mijin Zahra ta ga hotunana, wai ina da ƙafar yawon buɗe ido amma ba ni da ta zuwa wankan jegon 'yata. Ki gaya wa Hajiya, cikin ladabi, ko daga nan Jamus ban fita ba. In na tsallake iyaka kafin a sabunta takarduna, aikin asibiti ya tafi. Bangon ɗakina kuwa ba ya amsa sallama ranar Asabar, shi ya sa nake fita.

Garin da na je, ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ba itace, ba tukunya. Na tsaya cikin tururin na lumshe ido, sai ga ni a tsakar gidanki ina tsoma ganyen darbejiya, Zahra tana cewa, "Umma, da zafi!" ni ina cewa, "Yi shiru, haka aka yi mini." Wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini hankici. Na ce mata tururi ne.

Don Allah ki tsaya mata, safe da yamma har arba'in, kada kunun kanwa ya yanke. In ta neme ni, kada ki ce ina aiki. Ki ce hannun nan naki nawa ne.

Yayarki,
Safara'u