Ƙasar da na zaɓa

Laraba da dare, watan Sha'aban

Da safe na tarar farin nan mai kama da kanwa ya haye har layin tumatir na uku a gonata ta Watari. Ina tsaye sai ga Hadiza, 'yar Kawu Isa da ke jami'a, ta kawo sakamakon ƙasar da na ba ta.

Takardu biyu ne, tawa da ta gonar Kawu, zane kamar jerin tsaunuka. Ta ce haske ake haska wa ƙasar a na'ura, kowane sinadari ya saki 'yan ƙwayoyinsa, kuma kowanne da inda tsauninsa ke tsayawa. Ni aji huɗu na yi, amma na ga wani tsauni a tawa ya yi tsawo, a ta Kawu kuwa da ƙyar ya ɗago. Na dafa shi da yatsa.

"Yaya, idonka ya fi na 'yan ajinmu," in ji ta. "Sodiyam ke nan, gishiri. Amma ka gode Allah, tunda daga wuri mafi lalacewa ka ɗebo, kamar yadda na ce maka."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Daga kusurwa mafi kyau na ɗebo, gindin mangwaron Baba. Wa zai aika wa mutanen birni mummunar ƙasar ubansa?

In mai kyan ke nan, ban san me zan shuka baɗi ba.

Kawu Isa ya ga inda na haƙa ran nan. Yau ma yana wurin, ya sunkuyar da kai, bai tona ni ba.