Ajiyar Abokinka

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Raina a ɓace yake. Alhaji Tanimu, abokinka da ka ce in sauke, ya ba ni ƙunshi ajiya a kasuwar Ataba. Ka san ba ma buɗe amana. Haka na ratsa shingen sojoji da shi har gidana a Ainu Shams. Jiya ledar ta yage, sai ga ƙaramar bindiga mai juyawa cikin abaya, wadda tafin hannu zai rufe ta. Na kira shi, yana ta yabonta, wai ba nauyi, harsashin 'yan sanda take ci, ma'alish, wato ba komai.

Da an kama ni, ma'alish ɗin za ka kai wa Inna?

A gaida kowa, a sa ni a addu'a. Kada ka sake turo mini baƙo.

Ƙaninka,
Nura