Tambarin Bayan Agogon Kalilu

Kampung Baru, Kuala Lumpur
Yuli, 2021

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Anti Bintu da yara, da Hajiyarmu. Ya kasuwa? Da biro na rubuta wannan na ɗauki hotonta na turo maka, don duk sanda na kira ka kuka ke riga ni magana, kai kuma ka kama "haƙuri, haƙuri" har layi ya katse. Yau dai ka bar ni in kai aya.

Yaya, ban shiga takaba ba, kuma ba zan shiga ba. Wanda aka binne ba mijina ba ne.

Kar ka ce na zare. Da korona ta kama mu, shi aka ɗauka a motar asibiti, ni da 'yarmu Nuriyya aka kulle mu a gida, aka ɗaura mana abin hannu irin na waɗanda aka killace. Daga nan ban ƙara ganinsa ba sai a waya, daga baya wayar ma ta daina shiga. Da suka ce ya cika, wa ya ga fuskarsa? Babu. A naɗe cikin leda aka yi masa taimama, wasu mutane masu fararen kaya har ka suka sa shi a rami. Abokinsa Adnan ne kaɗai ya je, shi ma can nesa aka tsayar da shi kamar ɗan kallo. Sunan da suka rubuta a takarda ma ba daidai ba ne. Su mutanen nan ai duk baƙar fata ɗaya ne a idonsu.

To ga babbar magana. Adnan ya karɓo kayansa ya ajiye mini a bakin ƙofa, har da agogo a cikin 'yar leda. Ka tuna agogon da ka ba shi ranar ɗaurin aurenmu, daga shagonka? Farin nan na azurfa mai baƙar fata? Wanda suka kawo mini na gwal ne, Yaya! Rawaya ne sosai, yana ta sheƙi. Siffarsu ɗaya, ban musa ba, amma ai kai ka gaya mini kamfani kan fitar da samfuri ɗaya kala biyu. Kalilu da gwal? Mutumin da ya mayar da biron da jami'a ta ba shi kyauta don bakinsa na da ruwan gwal, ya ce ba a halatta wa namiji ba? Haba! Wani bawan Allah ne ya mutu da agogonsa, suka liƙa masa sunan mijina. Nawa yana can wani ɗaki kwance, bai san inda kansa yake ba.

Kuma na gan shi. Na fita yin tapau, wato sayo abinci a leda, a shagon da ke kusa da tashar jirgin ƙasa na LRT, sai ga mutum a saman matakala, da takunkumi, tsayinsa, da yadda yake karkata kafaɗar hagu. Na yar da ledar abincin na bi shi. Kafin in hau ya shige jirgi.

Ka gaya wa dangin Kalilu su daina zaman makoki. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina cin abinci.

Ƙanwarka,
Mubina

*

Fagge, Kano
Yuli, 2021

Zuwa ga ƙanwata Mubina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya gaba ɗaya, sai kewarku. Hajiya na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Nuriyya.

Na karanta takardarki a shago, na sake karantawa a gida. Ba zan ce kin zare ba. Wallahi ni ma da na zo wurin maganar gwal sai da na yi murna, domin na fi kowa sanin halin Kalilu a kan wannan. Ranar da zan ba shi agogon nan sai da ya titsiye ni a gaban mutane, wai in rantse babu ɗigon gwal a jikinsa. Na ce masa, Malam, ni ba a rantsar da ni a kan haja, juya bayansa ka karanta.

Abin da zan ce miki ke nan. A sana'armu ba a yarda da ido. Launi yana ruɗi, kuma mai sayarwa ya fi launi iya ruɗi. Shi ya sa aka kafa ƙa'ida a kan masu ƙera gidan agogo: in ba gwal ne tsantsa ba, ruwansa kawai aka zuba a kan wani ƙarfe, ba su da ikon buga kalmar gwal ita kaɗai. Dole su buga tambari a murfin baya da zai faɗi cewa ruwa ne, da ko na mene ne, da kaurinsa. Na ruwan gwal ana buga masa GP. Na ruwan azurfa kuma SP. Sai wata 'yar lamba a gefe, ita ce kaurin ruwan. Na Kalilu SP ne, ruwansa siriri, shi da kansa ya zaɓa ya ce ya ishi ɗalibi.

Saboda haka ki fito da agogon daga leda, ki juya shi wurin haske, ki rubuto mini abin da kika gani. In GP ne, na yi miki alkawari zan tsaya miki har ofishin jakadanci, sai an buɗe mana kowane ɗaki a asibitin nan. In kuwa ba shi ba ne, sai mu yi wata maganar.

Ban gaya wa dangin Kalilu komai ba tukuna. Mahaifiyarsa ta fara samun barci, ba zan tashe ta da abin da ban tabbatar ba. Kuma don Allah ki daina bin mutane a tasha, kina da yarinya.

Allah Ya sanyaya miki. Ki huta lafiya.

Yayanki,
Sirajo

*

Kampung Baru
Agusta, 2021

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na san na yi shiru, kuma na ga kiranka, ɗagawa ce ban yi ba.

Wato ni ina maganar ran mutum, kai kana karanta mini darasin kasuwar agogo! GP, SP, sai ka ce lambar mota. Kai dai ba ka sauya ba, tun muna yara in na ce na ga maciji sai ka tambaye ni tsawonsa. Ban buɗe ledar ba. Kayan mamacin mutane ne, amana ce, ba ni da hurumin jujjuya shi. Na sa shi a saman firij da fuskarsa sama, in iyalansa sun ɓullo in miƙa musu abinsu.

Sai dai agogon nan ya hana ni sukuni. Yana tafiya, Yaya. Garin nan da ba ka jin komai sai jiniyar motar asibiti tun da aka yi kulle, ina wanke-wanke da rana tsaka ina jin ƙas-ƙas ɗinsa ta cikin leda. Na lulluɓe shi da tawul, ina ji. Na kunna fanka, ina ji.

Kullum da la'asar nakan yi wanka in sa atamfar da yake so, in fesa turare, in zauna wurin taga. In an sallame shi ba zai dawo ya same ni a yamutse ba. Matan 'yan'uwanmu ɗalibai sun fara ƙus-ƙus a guruf ɗinmu na waya, wai matar Kalilu tana kwalliya. Su yi ta yi. Roseline, maƙwabciyarmu 'yar Jos, ita ce kaɗai ba ta ce mini komai, sai dai ta rataya mini abinci a ƙofa ta ƙwanƙwasa ta wuce.

Na ƙara ganinsa. Wannan karon a layin mamak, gidan abincin nan na Indiyawa, yana jiran shayi. Na tsaya a bayansa har ina jin numfashina a cikin takunkumi. Na ce, "Abban Nuriyya." Ya juyo. Ɗan Sudan ne, ya ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi.

Abin da ya fi tsorata ni Nuriyya ce. Jiya na ce mata ta gyara takalman Abba ya kusa dawowa. Ta dube ni ta ce, "Ummi, cukup lah," wato ya isa haka. Yarinyar da ba ta gama firamare ba! Ta daina kwana a ɗakina, ta ce tsoron tagar take ji.

Ina tsoro, Yaya. Ba na tsoron a ce GP ne. Ka gane.

Mubina

*

Fagge, Kano
Agusta, 2021

Mubina,

Wa alaikis salam. Na gane. Tun daga layin farko na gane.

Ki yi mini faɗa yadda kike so, na saba, kuma na fi son faɗanki da shirunki. Amma zan gaya miki abin da na riƙe a waccan takardar don ban so in riga tambarin magana. Ƙarƙashin ruwan azurfa, yawancin gidajen agogo tagulla ce, rawaya. In ruwan ya kau, ita ke fitowa, kuma in an goge ta da kyau babu mai raba ta da gwal daga nesa. Na sha ganin wanda ya shigo shagona da murna ya fita da sanyin jiki a kan haka. Abin da ban sani ba shi ne me zai cinye ruwan agogo gaba ɗaya a ɗan zaman asibiti. Wannan ne ya sa har yanzu ban yanke ba. Ki tambayi Adnan yadda ya karɓe shi.

In ba za ki iya juya shi ke kaɗai ba, ki kira Roseline ta tsaya a bakin ƙofa. Ki duba tambarin, ki kuma ɗaga fatar ki leƙa lungun da take maƙale, inda hannu ba ya kaiwa.

Ba don surutun mata nake matsa miki ba, Mubina. Don yarinyar nan ne. Ta rasa ɗaya, tana kallon ɗayar tana zamewa. In Kalilu yana raye, yana da haƙƙin a neme shi. In ya riga mu, yana da haƙƙin addu'arki, kuma har yau ba ki yi masa ko ɗaya ba, don ba a yi wa mai rai irinta.

Ina nan riƙe da waya. Allah Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Yayanki,
Sirajo

*

Kampung Baru
Satumba, 2021

Yaya Sirajo,

Assalamu alaikum.

SP ne. Da 'yar lamba biyar a gefe. Roseline ta riƙe mini fitilar waya. A lungun fatar kuma azurfar na nan fara fat, kamar ranar da ka ba shi.

Na kira Adnan. Ya ce da aka miƙo masa agogon baƙi ƙirin yake, maganin kashe ƙwayoyin cutar da suka jiƙa shi a ciki ya ƙone shi. Ya ce bai iya kawo wa matar amininsa abu a haka ba, sai ya sayi man goge ƙarfe ya zauna ya yi ta dirza har ya yi sheƙi. Bai ma lura launin ya sauya ba, shi dai ya ga ya fita tas. Yana ta kuka yana neman gafara. Me zan yafe? Gata ya yi mini.

Na wanke lallen hannuna iya yadda zai fita, na ba Roseline turarukan. Na buga wa limamin 'yan Najeriya na tambaye shi daga yaushe zan fara ƙirga takaba. Ya ce daga ranar da ya rasu ake ƙirgawa, ba daga ranar da mace ta yarda ba. Wato kusan rabinta ya wuce ina zaune a taga da kwalliya. Ya ce in yi istigfari in cika abin da ya saura, babu ramuwa.

Na ji, kuma zan bi. Amma ka gaya wa Hajiya ta kira ni, ta yi mini magana irin wadda ake yi wa mace a ranar farko. A wurinku Kalilu ya daɗe da rasuwa. Ni yau da hantsi mijina ya mutu.

Allah Ya jiƙansa. Ka ce amin, Yaya.

Ƙanwarka,
Mubina