Mahamud na Zaure da Mahamud na Gona

Birni, Damagaram
9 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yarki Aliya da mijinta da yara. Yaya ƙafar? Kina shafa maganin da lokotoro ya ba ki, ko kin tura shi ƙarƙashin gado kamar na bara? Mu nan lafiya lau, matata Sakina tana gaishe ki. An fara yankan gero, bana kuwa Allah Ya sa albarka.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran talho. Kunnenki ne, Yaya. Sai in yi ta ihu maƙwabta su kwashe sirrin gidanmu, ke ba ki ji ko rabi ba. Wannan maganar kuwa ba ta ihu ba ce. Aliya ta zauna ta karanta miki a tsanake.

Kin tuna kaset ɗin da na ɗauki muryar Kaka Ummul Khairi a 1985, lokacin ina sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, ina jin duk Damagaram babu mai ilimina? Daga shi na rubuta tarihin gidanmu a baƙin kayen nan, littafin rubutun da kike kira Alƙur'anin Rashid. Makon jiya na ci karo da kaset ɗin cikin akwatin Baba, na kai wani shago a Zango suka juye mini shi a talho. Niyyata in aiko miki ki ji muryar tsohuwa. Na zauna a zaure na saurara, shekara talatin da takwas rabona da shi, kuma tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba.

Kin san Kaka ba ta taɓa kama sunan mijinta ba, kakanmu Mahamud baduku, har ta koma ga Allah. In za ta ambace shi sai ta ce mutumin zaure. A kaset ɗin kuwa wani lokaci tana cewa mutumin zaure, wani lokaci Tsoho. Ni na ɗauka duk shi ne, don mata da yawa haka suke kiran mazansu in an tsufa. Sau biyu aka ji muryata na katse ta ina tambaya ko Mahamud take nufi. Sau biyun babu amsa a kaset, amma na tuna sarai ta rufe baki da gefen zane ta gyaɗa kai. Ni kuma na rubuta. Yanzu da na saurara da kunnen tsufa, sai na ji ta ce Tsoho ne ya goya mutumin zaure. Yaya, mutum yana goya kansa?

Kin riga kin gane inda hankalina ya tafi. Sule na Gaffati, mai kawo mana damin gero duk kaka tun Baba yana da rai. Kina wurin ranar sunan jikana Mahamud, shekara goma sha ɗaya ke nan, da Sule ya sauke daminsa yana murna, yana gaya wa jama'a an maido sunan kakansa. Ni kuma jinina ya hau. A kayena kakanmu matarsa ɗaya, 'ya'yansa uku, kuma ya taɓa zama ƙauye na ɗan lokaci. To in yana da jika a Gaffati, me ake nufi ke nan? Na ga kamar ana shafa wa mamaci baƙin abin kunya. Na shiga na ɗauko kayen, na karanta a gaban malamai da wanzamai, na ce gidan Mahamud ba shi da reshe a Gaffati, duk mai neman dangi a birni ya nema wani wuri. Sule ya girme ni da shekara goma. Bai ɗaga murya ba, ya ce Allah Ya ba Mushe haƙuri, kamar yadda ake kiran mu malaman lakwal, shi bai san sai da takarda ake zumunci ba. Ya sa takalmansa ya fita, bai ƙara taka ƙofar gidan nan ba.

Ina tsoron na zalunci mutumin nan, Yaya. Don Allah duk abin da kika sani game da damin nan ki sa a rubuto mini, kada ki raga mini.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Rashid

Birni, Damagaram
24 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso ta hannun direban motar Yamai, na kuma yi murna da jin ƙafar ta yi sauƙi. Na ce kada ki raga mini, kin kuwa cika alkawari har da gyara. Ki gaya wa Aliya na lura ta ja layi biyu ƙarƙashin "ƙaramin sani ƙuƙumi ne". Na karɓa.

Abin da kika ce ya tsaya mini a rai. Wai Baba ba ya barin kowa ya karɓi damin Gaffati sai shi da hannunsa, kuma furar farko da aka dama da shi sadaka ake yi. Ni ban san wannan ba. Shekara talatin ina yawon koyarwa daga Tawa zuwa Difa, hutu kawai nake zuwa, kuma hutun lakwal ba ya kaiwa kaka. Na sha jin Baba yana kiran Sule ɗan'uwa, na ɗauka irin ɗan'uwan da ake ce wa kowane baƙo ne. Ban tambaya ba. Mai kaye ai ba ya tambaya, shi ake tambaya.

Na saurari kaset ɗin sau shida, wannan karon ban riƙe bik ɗin rubutu ba. Ga yadda abin yake. Mahamud biyu ne. Na farko shi ne Tsoho, baduku, shi ya gina gidan nan da nake zaune ciki. Ƙanensa ya haifi ɗa ya sa masa sunan wansa, bai daɗe ba ya rasu, matar ma ta bi shi. Tsoho ya ɗauki maraya takwaransa ya rene shi, ya koya masa dukanci. Wannan marayan shi ne kakanmu, mutumin zaure. Da babbar yunwa ta zo, wadda Kaka take kira Kakalaba, ayarin fatake ya riga ya ja baya, babu mai sayen takalmi balle kube. Tsoho ya ga sana'ar ba za ta ci da gida biyu ba. Sai ya bar wa yaron zaure da basilla da fatun da suka rage, ya kwashi iyalinsa ya koma Gaffati wurin dangin matarsa, ya kama fartanya da furfurarsa. Kakar farko da ya samu, ya ɗauko dami a ka ya kawo Birni da ƙafa. Kaka ta ce mutumin zaure yakan ce ba don damin nan ba da bai kai ga aure ba, balle a haifi Baba. Tsoho ya rasu, ɗansa ya ci gaba da kawowa, ɗan ya rasu, Sule ya ɗauka. Sunan Tsoho ma Kaka ba za ta iya kamawa ba, tunda suruki ne kuma sunan mijinta ne. Gaskiya ta gaya mini duka sau biyun. Ni ne na haɗa mutum biyu na ɗinke, don shafin ya fito tsaf.

A ƙarshen kaset har an ji ta tana dariya, ta ce ɗan boko ba ya jira a ƙare magana.

Jiya na ciro tsohuwar gafakar nan ta Alƙur'ani da ke akwatin Baba. Kin san kowane baduku da alamar da yake bugawa a aikinsa. A marfin akwai ta kakanmu, wadda muka sani, ɗigo uku. A gindi akwai wata da ta kusa shafewa, kamar sawun kaza. Sau nawa na riƙe gafakar nan ban juya ta ba?

Shekara kusan ɗari ana kawo abinci gidan nan, Yaya, yunwa ba ta tsayar ba, mutuwa ba ta tsayar ba, sai ni na tsayar da shi da bakina, a cikin zauren kakan mutumin da na kora.

Sau uku na sa babbar riga zan tafi Gaffati, sau uku na tuɓe. Sakina ta ce in kunya ce ai ranar sunan ya kamata ta zo. Shekaranjiya kuma na haɗu da wani mutumin Gaffati a Kasuwar Dole, ya ce Sule yana kwance tun tsakiyar damina. Jibi zan tafi in sha Allahu, ko da zai sa a kore ni da taɓarya. Ba na son ɗayanmu ya mutu ban ji ya ce ya yafe ba. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanenki,
Rashid

Birni, Damagaram
29 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke, gwargwado. Na je na dawo.

Babur ɗin kabu-kabu na hau da hantsi, gafakar tana rataye a kafaɗata. Ko awa ɗaya ba mu yi ba muka isa. Na yi ta mamakin kusancin wurin. Na je Difa ya fi sau ashirin saboda aiki, amma Gaffati ban taɓa zuwa ba sai ranar.

'Yar Sule, Husaina, ce ta tarbe ni, ita ke jinyarsa. Mace mai natsuwa, goshinta sak na Baba, har na rasa inda zan sa idona. Ta gane ni. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura, ta gaishe ni da ladabi, amma Mushe ta kira ni, ba Baba ba. Ban isa in yi ƙorafi ba.

Sule yana kwance a rumfa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke tun watan Agusta. Idonsa dai yana nan yadda na san shi. Na durƙusa, ni da ban durƙusa wa kowa ba tun rasuwar Baba. Na gaya masa duka, kaset ɗin, da Tsoho, da kurena. Na ce gidan da nake kwana ciki kakansa ne ya gina. Na ɗora masa gafakar a ƙirji na juya gindin. Ya kai hannunsa mai lafiya ya shafa sawun kazar nan, ya daɗe yana shafawa, hawaye yana gangarowa zuwa kunnensa. Husaina ta ce irin alamar tana jikin wata tsohuwar laya da suke da ita.

Sannan na roƙe shi gafara. Na ce don girman Allah, don darajar Mahamud ɗin nan biyu, ya yafe mini. Yaya, ya gyaɗa kai.

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara hamdala. Can Husaina ta zo gyara masa matashi ta tambaye shi ko zai sha ruwa, ya gyaɗa kai. Ta kawo, ya kau da baki. Da ta rako ni na tambaye ta ko ya gane, ta ce ita ba za ta ruɗe ni ba. Tun da ciwon ya same shi, kome aka ce masa gyaɗa kai yake, ko yana so ko ba ya so. Wani lokaci ita ma ba ta sanin ko ya gane.

Ta gaya mini abu biyu da ban tambaya ba. Na farko, an haifa masa jikoki maza huɗu bayan ranar sunan nan, duk ya hana a sa Mahamud. Ya ce sunan yana da masu shi a Birni, kuma suna da takarda. Na biyu, bai taɓa fasa ware damin ba. Duk kaka sai ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya ɗaure da kansa, ya jingine a bakin rumbu kwana bakwai, ko wani zai zo daga Birni. In ba a zo ba sai ya kai masallaci. Bana ita ta ɗaure, don ta saba gani. Ranar da na je kwanansa biyar.

Ta ɗora mini shi a bayan babur. Na ce ta bari tukuna a tambayi mai shi. Ta dube ni kawai, ni ma na gane wautar maganata.

Damin yana zaure yanzu, ni na sauke shi da hannuna kamar yadda kika ce Baba yake yi. Sakina ta ce a sussuka a dama furar sadaka, na ce ta dakata. Ban sani ba ko kyauta ce aka ba ni ko kuwa ɗauka na yi. Ita ta ce hawayen Sule ya isa amsa. Watakila. Amma an taɓa gyaɗa mini kai na ruga na rubuta abin da raina yake so, kin kuwa ga inda ya kai mu. Na sayi sabon kaye, na ba kowane Mahamud shafinsa, na jera 'ya'yan Sule da jikokinsa yadda Husaina ta lissafa mini. Wurin da zan rubuta ya yafe ne na bari fari.

Zan koma ranar Juma'a, da wadda ke biye da ita, har Allah Ya buɗe bakinsa ko Ya rufe nawa. In ƙafarki ta yarda ki zo mu je tare, Yaya. Ke ba ki yi masa kome ba, ko zai ga fuska ɗaya daga Birni da ba sai ya yafe mata ba.

Ki gaida Aliya, ki ce ta yi haƙuri da rubutun. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Rashid ɗan Yakuba, jikan Mahamud na zaure, wanda Mahamud na gona ya ciyar