Rasuwar Alhaji Yamusa da Gaskiyar Ƙunshin Malam Sabo

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Masu Bandar Kifi ta Kado, Abuja, ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma ubanta, Alhaji Yamusa Nuraddeen, Sarkin Banda, wanda Allah Ya yi wa cikawa ranar Talata da hantsi a asibiti, bayan jinyar wata biyar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayi ya sauka Kado da murhun rabin ganga ɗaya tun wurin yana daji, kuma da mulkin farar hula ya dawo, ma'aikata suka cika gari, kasuwar kifi ta buɗe, bai rufe ƙofa ya ci shi kaɗai ba. Da yawanmu daga tashar Jabi ya tsinto mu, ya koya mana juya tarwaɗa a kan waya ba tare da ta fashe ba. Mu matasa kaka muka ɗauke shi, muna tsokanarsa yana koro mu da muciya.

Sai dai dole mu faɗi abin da ba a saba sawa a takardar ta'aziyya ba. Tun a maƙabarta ake raɗe-raɗin cewa mataimakinsa, Malam Sabo, ya yi masa sammu don ya gaji kujera, saboda an sha ganin yana miƙa masa wani ƙunshi cikin takardar siminti kullum da safe. Jiya wasu samari daga dangin marigayi suka kifar da murhun Malam Sabo, har yanzu bai iya fita daga gida ba.

Babu laya a ƙunshin nan. Kwalin sigari ne da marigayi ke aikensa ya sayo masa. Shekara ashirin da shida marigayi yana sha a bayan murhu, inda ƙaurin banda ke rufe warin taba, shi ya sa mai ɗakinsa, Hajiya Zulai, ta yi ta wanke rigunansa ba ta taɓa ganewa ba. Mu duk mun sani. Da tari ya tsananta ta aiko tana tambaya, muka ce hayaƙin sana'a ne. Ni mai sa hannu na sha ɓoye masa kwalin a kwandon kifi, in ya gaji da nema in mayar masa ina dariya. Likita ya tabbatar sankarar huhu ce, takardar asibitin tana hannun babban ɗan marigayi, Ammar, kuma marigayi da bakinsa ya yi mana izinin faɗa idan magana ta taso.

Hajiya, ki yafe mana. Muna roƙon Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya sa jinyarsa ta zama kaffara, Ya ba ki da 'ya'ya da jikoki juriyar wannan babban rashi.

Daga yau ƙungiya ta hana shan taba a rumfunanta, ta kuma hana aiken kowa sayo ta. Gobe Juma'a za a yi addu'ar uku a gidan marigayi da ke Gudu. Malam Sabo zai zo, kuma dukkanmu za mu shigo tare da shi. Wanda ke neman mai laifi, ya ƙirga da mu duka.

Sa hannu:
Uthman Badaruddeen
Kakakin Ƙungiyar Masu Bandar Kifi ta Kado, Abuja